Amsa ga mai son kafa layin ɗan jirgin ƙasa a jikin shinge

Ɗan'uwa, da na karanta cewa fili ya yi maka kaɗan, kana so ka ɗora layin a jikin shingen katako na bayan gida, wallahi sai na ji ka fama min tsohon miki. Ni ma haka na yi.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, shinge motsi yake yi. Iska ta kaɗa shi, ruwa ya kumbura katakon, rana ta lanƙwasa shi. Na ce wa kafintan da na kira ya ɗaure ƙarafan tallafin a jikin dirkoki, ya ce to. Na dawo na tarar ya buga su da ƙusa a jikin falankai, wai ai abin wasan yara ne, nauyin me gare shi? Na yi shiru, nan ne nawa laifin. Bayan an yi ruwa biyu uku, wani falanki ya saki, layin ya karkace ban lura ba. Ranar yara sun taru suna kallo, kan jirgina na LGB (kamfanin da ke ƙera 'yan jiragen wasa), na farko da na mallaka, ya zo wurin ya kife daga tsayin ƙirji zuwa kan siminti, ya ja tarago uku suka bi shi. Har yau ina jin ƙarar. Ƙaramar 'yata ce ta tsinto min bututun hayaƙin a cikin ciyawa. Da na kira mutumin, ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma cewa ya yi ni na cika gudu. Gudu! Jirgin da ko mai tafiyar ƙasa zai wuce shi.

To ka kafa naka dirkokin daban da siminti, dab da shingen amma ba a jikinsa ba. In ba hali, dirkokin shingen kawai za ka kama, da noti marar tsatsa. Ka sa ɗan baki a gefen katakon da layin zai zauna a kai, ko na santimita 3 ne, don ya tare jirgin in ya goce.

Ban san girman jirginka ba. In ƙaramin nan ne da ake kira HO, mai faɗin layi milimita 16.5, waje zai wahalar da kai, ɗan ganye ma tsayar da shi yake yi. Mai milimita 45 aka yi don waje. Shi kuma kwanarsa mafi matsi sai ta ci faɗin fiye da mita 1.2 kafin ya juyo, shinge ba zai ɗauki wannan ba, sai ka yi mata teburinta a kusurwa.

Kada ka ɗaure layin tamau. Tagullar da ake yin layin da ita miƙewa take yi da zafi, mita 10 kan ƙaru da kusan milimita 6 in zafi ya tashi da digiri 30. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 a kowace mita, kuma kada ka bi layin shingen da ido, ƙasa yake bi, ka auna lebur.

Ni yanzu na koma batir da rimot, na huta da goge layi don wutar lantarki ta bi ta cikinsa ta kai ga jirgin. Kyanwar maƙwabta ce dai ta mayar da wurin gadon barcinta. Af, shingen ma naka ne kai kaɗai, ko kun haɗa da maƙwabci? Ka tambaye shi kafin ka huda ko'ina.