Tambaya da Amsa: Wai Dutsen Rumsiki Yana da Ɗan'uwa a Tsakiyar Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa wai duwatsun Rumsiki dangin wani ɗan tsibiri ne mai suna Annobon, can cikin teku. Na ce masa ya daina shirme. Ko da gaskiyarsa? Daga wata uwa a Domayo, Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ba yaron nan haƙuri, shi ne da gaskiya.

Shekarun da na yi ina koyarwa a Mokolo, a arewacin Kamaru, nakan kwashi ɗalibai mu je ƙauyen Rumsiki. Dogon dutsen nan mai tsini da baƙi ke ɗauka hoto, narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani dutse mai aman wuta. Ruwa da iska suka cinye gangar jikin, toshiyar ta rage a tsaye. Jerin irin waɗannan duwatsu ya bi ta Ngaundere, ya ratsa tafkin Niyos, inda iskar da ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta kashe mutum fiye da 1,700 a 1986, ya hau Dutsen Kamaru, sannan ya faɗa teku. A can ne ya ɓullo da tsibirai huɗu: Biyoko, Firinsife, Sawo Tome, sai na can ƙurya, Annobon.

Ɗan mitsitsi ne, faɗinsa murabba'in kilomita 17 kacal, mutanensa kuwa dubu biyar da 'yan kai, yawancinsu masunta. Ƙololuwarsa ta kai mita 598, kuma tsohon bakin da wuta ke fita yanzu ya zama tafki. Turawan Fotugal ne suka raɗa masa suna, wato "shekara mai kyau", don ranar sabuwar shekara suka iso shi. Suka miƙa wa Sifen a 1778, yau kuma yana ƙarƙashin Ikwatoriyal Gini.

Abin da ya fi burge ni dabbobinsa ne. Biyoko ya taɓa haɗewa da gaɓar Kamaru lokacin da teku ta ja baya, shi ya sa yake da birai da gada. Annobon kuwa bai taɓa haɗewa da ƙasa ba. Duk abin da ya riga mutum zuwa, ko dai fiffike ya kawo shi, ko ya maƙale a kan gungumen da ruwa ya kwaso. Saboda haka sai tsuntsaye, jemagu, ƙadangaru. Da suka daɗe a keɓe, wasunsu suka sauya kama, har akwai wani ɗan tsuntsu mai farin zobe a ido da ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. Ɓeraye da kuliyoyi dai jirgin ruwa ne ya kai su, kuma ƙwan tsuntsayen ya ji a jikinsa.

Lokacin da muke tsakiyar damina a nan, manyan dabbobin tekun nan da ake kira balen sukan taso daga kudu mai sanyi su zo haihuwa a ruwan da ke kewaye da tsibirin.

Ki sa yaron ya buɗe taswira ya bi jerin da yatsa, daga Mokolo har teku. A gaishe shi.