Tambaya da Amsa: Wai fim ɗin tabarau zai kashe silima?

Tambaya: Salam, don Allah ina yawan jin labarin wani tabarau da ake kallon fim da shi wai kamar mutum yana cikin fim ɗin, da gaske ne? Kuma nan gaba za a daina zuwa silima kenan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Da gaske ne, VR ake ce masa, in kin ɗaura shi a fuska duk inda kika juya kai fim ne, sama da ƙasa har bayanki. Amma batun ya kashe silima kam da sauran rina a kaba.

Wahalar tana kan darakta ne. A fim ɗin da muka saba shi ke zaɓa miki abin kallo, ya matso da kyamara kan fuskar jaruma daidai lokacin da hawaye ya gangaro, ko kin so ko kin ƙi sai kin gani, to a VR fa kina iya juya baya kina ƙare wa labule kallo alhali can ana ta rikici ba ki sani ba, shi ya sa suke jan hankali da sauti, a ƙwanƙwasa ƙofa ta hagunki dole ki waiga, ko a kunna fitila a lungu. Kyamarar ma tana ɗaukar kowane ɓangare, sai ma'aikata sun ɓuya kafin a fara ɗauka. Ga kuma jiri, ido na ganin ana gudu, cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki ya ce a zaune kike, sai tashin zuciya. Dalilin da ya sa yawancin finafinan VR gajeru ne kenan. Carne y Arena na Alejandro Iñárritu da aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 2017 bai kai minti 7 ba, mutum ɗaya ke shiga ba takalmi yana taka yashi cikin baƙin haure masu tsallakawa Amurka, kuma har Oscar na musamman ya samu.

Ni a ganina babban canjin a wajen ɗauka ya faru, ba a fuskar mai kallo ba. Shirin The Mandalorian mai dogon zango na 2019 an ɗauki da yawansa ne a tsakiyar katon bangon LED, wato bango mai nuna hoto kamar talabijin, maimakon koren kyallen da ake sa wa hoto daga baya a kwamfuta, manhajar haɗa wasannin gem mai suna Unreal Engine ke zana hamada a bangon, kyamara na motsawa hoton na binta, ɗan wasa yana ganin inda yake da idonsa, hasken ma yana sauka a kan hular ƙarfensa ba sai an ƙara a kwamfuta ba.

Silima kuwa ƙara girma take ma, dubi katon ɗakin kallo na Sphere da aka buɗe a Las Vegas a 2023, allon ya lulluɓe 'yan kallo har saman kai, dubban mutane a zaune tare kuma ba mai tabarau ko ɗaya.