Ta Tafi Kaduna Da Yarana

Tambaya: Hajiya, mun rabu da matata, ta kwashe yarana biyu daga Kano ta koma Kaduna. In na kira, sai a ce sun yi barci. Ya zan yi?

Amsa: Malam, a mazhabar Malikiyya riƙon yara na uwa ne, amma in ta ƙaura nesa da niyyar zama, riƙon kan iya faɗuwa. Ni dai ban so ka fara da ƙwace. Nemi waliyyinta tukuna. In ya ƙi saurare, je kotun shari'a, alƙali ya rubuta inda za su yi Sallah da dogon hutu, da mai biyan kuɗin mota. Kada ka yanke ciyarwa don haushi, kuma adana shaidar kuɗin da kake turawa.