Yadda Gwaggo ta koma baki zalla a hannuna

Wa alaikis salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, cewa kin kai shafi na 90, masu karatu kuma sun fara cewa abokin jarumin naki ya zama wawa, alhali a farko mai barkwanci ne kawai, kina son ki san ko laifinki ne. Ban amsa a lokacin ba don kin fama mini tsohon miki.

Akwai wata Gwaggo a labarin da na fi daɗewa ina rubutawa, wanda nake sakin shafi uku a sati. Yadda na gina ta, mace ce da miji ya rasu ya bar mata yara biyar, da kuɗin koko da ƙosai ta raine su har ta aurar. Faɗanta daga tsoro yake fitowa, don ta taɓa kwana da tukunya a kife, ba ta son ta sake gani. Tana da baki, amma ita ce mai tashi da asuba ta dafa wa matar ɗanta ruwan jego. To wata rana sai na rubuta inda ta wanke yarinyar tas a kan man da ta malala a miya. Ranar sharhi ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta, kowa Gwaggo, kowa dariya. Sati na gaba na ƙara mata yaji, na gaba ma haka. Kafin in ankara Gwaggo ba ta iya shiga ɗaki ta fita ba ta zagi wani ba. Ƙosai ya ɓace, marayu sun ɓace, tsoron nan da ya haifi faɗan ma na manta da shi. Wata da take bina tun shafi na ɗaya ta turo mini saƙo: "Anti, wannan ba Gwaggon da na sani ba ce." Kwana biyu ina jin haushinta. Da na koma farko na karanta, kunya ce ta kama ni.

Ba mu kaɗai ba ne. Turawa har suna suka raɗa wa abin, Flanderization, daga sunan Ned Flanders na shirin talabijin na barkwanci The Simpsons, wanda aka fara nunawa a Amurka a Disambar 1989, yanzu ya haura kashi 700. A farko Flanders maƙwabci ne mai kirki da kyauta, gidansa a tsare, har kirkin nasa ke ba Homer, jarumin shirin, haushi. Zuwa coci ɗaya ne kawai daga halayensa. Shekaru na tafiya sai addinin ya haɗiye sauran, ya koma mutumin da ba ya buɗe baki sai da wa'azi da tsaurin ra'ayi.

Amma wanda ya fi kama da naki shi ne Dakta Watson, abokin Sherlock Holmes, mai binciken laifuka a littattafan Turanci. A littafin farko na 1887 likitan soja ne da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, mai hankali da jarunta, kuma shi ke ba da labarin. A finafinai 14 da aka yi tsakanin 1939 da 1946, inda ɗan wasa Nigel Bruce ya fito a matsayinsa, sai ya koma dattijo mai shirme. An rage masa tsawo ne don Holmes ya ƙara tsayi. Ki duba da kyau, ina kyautata zaton abin da kike yi wa abokin nan ke nan: duk lokacin da kike son jarumi ya burge, sai ki sa na kusa da shi ya yi wauta.

Laifi kuwa, kaso mafi yawa namu ne. Mai karatu abin da ya ba shi dariya yake yabawa, ba aikinsa ba ne ya tuna dalilin. Ga gajiya, ga masu jiran shafi ƙarfe takwas, hannu sai ya tafi ga abin da ya san yana ci. Kada kuma wani ya kawo miki misalin Gizo. Gizo da wayonsa aka haife shi, tatsuniya kuma kafin barci ta ƙare. Naki kin fara shi mutum ne, shi ya sa ake jin zafin ragewar.

Ban gyara Gwaggo da wa'azi ba, ban kuma sa ta tuba dare ɗaya ba, wannan ma wata ƙaryar ce. Matar ɗan nata na kwantar a asibiti, na bar Gwaggo a bakin gado shafi biyu cur ba ta ce uffan ba, washegari ta sa aka kai akuyarta kasuwa. Da yarinyar ta farfaɗo, kalmar farko da Gwaggo ta faɗa mata faɗa ne a kan ƙin cin abinci. Bakin yana nan, amma an sake ganin inda yake fitowa.

Ki koma shafuka goma na farko da biro, ki rubuta abin da abokin nan yake so a rayuwarsa wanda bai shafi jarumi ba, da abu ɗaya da ya fi jarumin iyawa. Sai ki ba shi waje guda da shi ne mai gaskiya, jarumin ne ya yi kuskure. Ki shirya wa ƙorafi dai, ni sai da wasu suka yi sati uku suna tambayata wa ya yi wa Gwaggo asiri.