Tambaya da Amsa: Mazan Najeriya da na Nijar, Su Wa Suka Fi Tsawon Rai?

TAMBAYA: Na ji an ce tsawon ran namiji a Najeriya shekara 54 ne, a Nijar kuma 60. Mahaifina ya haura 80 yana zuwa gona. Yaya ake wannan lissafi? Daga mai karatu a Kamba, Jihar Kebbi.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Alƙaluman na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, kuma matsakaici ne da ake lissafawa tun daga haihuwa. Ana duba yawan mace-macen maza a kowane rukunin shekaru cikin shekara ɗaya, a ɗora shi kan jarirai 100,000 na misali, a ga matsakaicin shekarun da za su rayu. Yaro ɗaya ya rasu a goye, wani ya kai 80, matsakaicinsu 40 ke nan. Shi ya sa mutuwar yara ke rage lissafin sosai, irin ta yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010.

A 1960 ƙasashen biyu ba su kai 40 ba. A 1990 Najeriya ce a gaba, daga baya Nijar ta wuce ta. Cikin abubuwan da suka ƙara tsawon rai a Nijar akwai maganin kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da Nijar ta fara a 2006, da rabon gidan sauro, da rigakafi.

Inda ake kuskure: haɗa alƙaluman hukumomi daban-daban, ko na maza da na jama'a baki ɗaya. Ka ɗauki hukuma ɗaya, shekara ɗaya. Kuma duk ƙiyasi ne, domin yawancin mamatanmu ana binne su ba rajista, ƙidayar Najeriya ta ƙarshe kuwa tun 2006.