Habu, injin buga ƙwaya ba zai karɓo maka bashi ba

Jiya muna rufe shago ka miƙo mini waya, ka ce: "Maigida, wannan injin 3D da ke buga ƙwayar magani daidai da jikin kowane majiyyaci, zai kashe mana sana'ar haɗa magani ne, ko mu fara tari mu saya?" Na yi maka shiru, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Yau ajiye wayar nan ka saurara.

Injin gaskiya ne, na bi labarinsa tun kana makarantar firamare. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, maganin farfaɗiya na kamfanin Aprecia. Injin yana shimfiɗa garin magani, ya yayyafa masa ruwan da zai kama shi, ya sake shimfiɗa wani a kai, sahu bisa sahu kamar ginin tubali. Tunda ba a danne garin da ƙarfi ba, ƙwayar cike take da ƙofofi, kurɓin ruwa ɗaya ta narke a baki, ko da mai miligiram 1,000 ce. Amma ka lura, a masana'anta ake buga ta, awo huɗu kacal: 250, 500, 750 da 1,000. Ba a ɗinka ta don mutum ɗaya ba. Ku yaran yanzu ba kwa tsayawa ku rarrabe wannan, da kun ga bidiyo na minti ɗaya sai ku ce duniya ta juya.

Wanda ya shafi aikinmu shi ne ƙaramin injin da ake ajiyewa cikin ɗakin haɗa magani na asibiti, irin na kamfanin FabRx da ya fito daga wata jami'a a Landan. Ka ga yadda mai zanen lalle ke matsa leda, kwaɓin yana fita siriri tana bin zane? Haka yake yi, sai dai kwamfuta ce ke riƙe da hannun. A wani asibiti a Santiyago de Kwamfostela ta ƙasar Sifaniya an gwada irinsa kan yara huɗu masu wani ciwon gado da ke hana jiki sarrafa wasu sinadaran furotin. Kowane yaro aka buga masa awonsa, abin taunawa mai launi, da ɗanɗanon lemo ko ayaba ko kwakwa, aka fitar da sakamakon a 2019. A Notingam ta Ingila kuma, tun 2015, masu bincike sun haɗa magunguna biyar na zuciya da hawan jini cikin ƙwaya guda, wasu su saki nan take, wasu a hankali. Wannan aiki ne, na sara musu.

To amma maganin mutum ɗaya ni na yi shi da hannuna kafin a haifi injin nan, kuma na san inda yake cizo.

Wata shekara wani mai asibitin kuɗi ya sallamo mini, babbar riga, turare, baki kamar zuma. Ya ce yana da yara masu farfaɗiya da masu ciwon zuciya, iyayensu mata suna raba ƙwayar manya gida huɗu da reza, wani ɓari ya yi yawa, wani ya zama gari a tafin hannu. Yana so in haɗa wa kowane yaro kafso daidai da nauyinsa, na wata uku. Yara talatin da biyu. Wallahi raina ya yi fari, domin irin aikin da na koyi sana'ar don shi ke nan. Ya ba ni rubu'in kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ban nemi takarda ba, na ce mutumin da ke duba yara ba zai ci amana ba. Na ciwo bashin gari da kwanson kafso wurin dillali. Dare goma sha ɗaya ina zaune gaban sikeli, na rufe taga don kada iska ta motsa awo, zufa tana bin bayana, ba fanka. Kowace kwalba da sunan yaro da nauyinsa da awonsa, da rubutun hannuna.

Ya aiko direba ya kwashi rabi. A watan Afrilu ne, kai ka san zafin garin nan a bazara. Na gaya wa direban da bakina: kada su kwana a mota. Kwana uku suka yi a but. Kwanson ya yi laushi, suka manne da juna kamar alewa. Sai ga mutumin nan da kwalaben cikin leda, ya zube mini a kan kanta gaban masu saye, yana ɗaga murya wai aikina na banza ne. Sauran rabin ya ce ba ya so, cikon kuɗi kuwa ko kwabo.

Nan ne na gane abin da babu bidiyon da zai gaya maka. Da farasitamol ne, sai in mayar kan kanta, gobe wani ya saya. Amma kafson da aka auna don yaro mai kilo tara ba shi da wani mai saye a duniya sai wannan yaron. Ko shi ɗin, bayan 'yan watanni nauyinsa ya canja. Gara tela, in an ƙi karɓar ɗinki zai iya rage wuya ya sayar. Ni haka na ƙona su. Na sayar da babur ɗina na biya dillali, shekara biyu ina zuwa shago a ƙafa. Abin da har yau yake hana ni barci, mutumin ya koma ya ce wa iyayen su ci gaba da reza. Na yi ƙoƙarin yafewa, zuciyata ta ƙi.

Saboda haka da ka ce mu saya, tambayoyina daban suke da naka. Wa zai biya kafin a buga? Wa zai ɗauka, a cikin me, zai kwana ina? Ƙwayar da aka yi don ta narke da kurɓin ruwa, me kake tsammani danshin damina zai yi mata in ba a rufe ta da kyau ba? Akwai irin injin da ke narka zaren roba mai ɗauke da magani, zafinsa kan kai wajen digiri 200, kuma ba kowane magani ke jure wannan ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu fa? Sannan a masana'anta ana ɗibar samfur daga dubban ƙwayoyi a nika a gwada. Kai da ka buga talatin don yaro ɗaya, nawa za ka nika? Ingila sai da ta yi sabuwar doka a 2025 kan haɗa magani a kusa da majiyyaci. Mu nan, kafin ka taɓa irin wannan, sai ka san me NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna za su ce.

Yadda ake cakuɗa gari ko daidaita sikeli ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara biyu a shagon nan bai sani ba ya koma gida. Injin abin da ka zuba masa shi zai matso. In kwaɓinka bai haɗu ba, ƙwaya ta farko ta fi ta ƙarshe ƙarfi, kuma duk za su fito sumul, ido ba zai gane ba. Mu da muka koya an sa mu nika gari wata shida kafin a bari mu taɓa sikeli. Kai kuwa shekaranjiya na ga ka auna da fanka a kunne.

Sana'ar ba za ta mutu ba, injin ma mai sana'a yake nema. In Allah ya kawo shi garin nan ina da rai, ni zan fara zuwa kallo, saboda yaran nan talatin da biyu. Kafin nan, takardar matar da ta zo da safe tana cikin durowa, yaronta kilo goma sha ɗaya. Ta biya duka, na rubuta mata rasit. Kashe fankar, ka lissafa awon sau biyu, ka kawo mini in gani kafin ka buɗe kwalba.