Shin Akwai Kitsen Damisa a Cikin Man Zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, musamman da hunturu, sai na sayo mata man zafin nan mai hoton damisa, Tiger Balm, a Tsohuwar Kasuwa. Ta ƙi shafawa, ta ce ba za ta yi salla da kitsen mushe a jikinta ba. Da gaske akwai kitsen damisa a ciki? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, babu abin da aka ɗebo daga jikin dabba aka zuba a wannan ƙaramar kwalba. Abin da ke ciki shi ne kafur, da mentol irin na na'a-na'a, da man kanumfari da wasu mayukan itatuwa, an kwaɓa su da jeli irin na basilin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur.

Ni kuwa ban ga laifinta ba, domin a Hausa idan an ce man shanu, daga nonon saniya ya fito, kuma mai magani da ya shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa yana tallar kitsen mesa ko man jimina, dabbar yake nufi da gaske.

Sunan wannan man daga mutum ya samo asali. Wani mai maganin gargajiya ɗan Sin, Aw Chu Kin, shi ya fara haɗa shi wajen shekarun 1870 a birnin Rangun na ƙasar Bama, wadda kakanninmu suka je yaƙi a cikinta. 'Ya'yansa biyu suka gaji sana'ar, suka mayar da ita Singafo a shekarun 1920. Kalmar Haw da ke cikin sunan babban, Aw Boon Haw, ita ke nufin dabbar da ke jikin murfin, wato damisar Asiya mai zane-zane, wadda babu irinta a dazukanmu.

Haka batir mai kan damisa yake, haka siminti mai giwa. Hoton dabba yana nuna ƙarfi, kuma wanda bai yi boko ba yana iya aiken yaro da shi ba tare da an kawo masa wani abu dabam ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu, saboda haka ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kada a shafa shi a kan rauni ko kusa da ido, kada kuma a kai shi hancin jariri, domin kafur yana yi wa ƙananan yara illa. Idan gwiwar Inna ta kumbura, a kai ta asibiti a duba.